Yadda ake karanta shigowar kaka a dajin Damagaram

Daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Oktoba dajinmu yakan sauya kama da sauri, har wanda ya yi sati biyu bai leƙa bayan gari ba sai ya tarar da wani daji daban. Ruwan da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 400 da ɗoriya ba, mafi yawansa kuma a malkar Agusta yake zuba. Da ya ɗauke, tsiro da dabba kowa sai ya shiga haramar rani. Wanda ya iya karanta wannan harama ya san ranar yankan gamba, ya san lokacin ɗibar ganyen kuka, ya kuma san itacen da zai bari a gonarsa.

Ka fita da an sallame asuba, don zafin agazari ba ya jiran hantsi. Sa takalmi rufaffe, riƙi sanda da gorar ruwa. Zaɓi hanya guda ka riƙa binta duk sati, wadda za ta ratsa gona, ta bi ta fako, in da hali ta ƙare a bakin tabki. Mai canza hanya kullum ba ya gane abin da ya sauya. Abu na farko, shafa ciyawa da tafin hannu. In raɓa ta jiƙa ka sharkaf alhali sama garau take, damina ta fara sallama. Ka kuma lura da iska: ta damina daga kudu maso yamma take zuwa, ranar da ka ji ta fara kaɗowa daga gabas da bushewa a cikinta, hunturu ne ke aiko da saƙo.

Daga nan nemi gawo, nan ne karatun yake. Duk damina yana tsaye tsirara kamar matacce, sauran itatuwa na ta ado. Sai ruwa ya ja baya shi kuma ya fara toho. Matsa kusa ka kama reshe na ƙasa: fari-fari ne, yana tafiya a karkace daga gaɓa zuwa gaɓa, kowace gaɓa da ƙaya biyu miƙaƙƙu, daga tsakaninsu ganye ƙanana ke ɓullowa, kore mai ratsin toka. Bayan ƴan makonni fure zai biyo, dogaye masu launin madara, ƙudan zuma su yi ta guɗa a kai. Ƴaƴan nan jajaye masu lanƙwasa da awaki ke rububi sai cikin rani. Wannan ɗabi'a tasa ce ta sa hatsin gindin gawo ya fi na sarari kauri: ba ya hana shuka rana da damina, ganyen da ya zubar ya zama taki, dabbobin da suka sha inuwarsa da rani su ma sun bar nasu. Wanda ya bi hanyar Matameye zuwa Magarya ya ga gonakin da gawo ya cika su, kuma har yau dattawa na ba da labarin tsananin hukuncin da sarakunan Damagaram suka ɗora wa mai saran gawo.

Ni a ganina babban aikin kaka bayan girbi shi ne neman ƙananan itatuwan gawo a cikin gona, domin yanzu da suka yi ganye ne ake ganinsu. In ka sami kututture da ya yi toho da yawa, zaɓi biyu ko uku da suka fi ƙarfi da miƙewa, sare sauran, ka rage rassan ƙasa da wuƙa mai kaifi kana yankowa daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya ɗaye. Ɗaura musu tsumma ja. Yaron da za ka tura sassabe baɗi zai gani ya kauce.

Ɗaga kai kuma ka dubi shamuwa. Ita da ta zo mana da ruwan fari ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, yanzu ƴaƴanta sun tashi. Za ka gan su garke-garke a bayan masu girbi suna tsintar fara, da rana ta yi zafi su hau sama suna kewayawa. In ka ga taron ya yi yawa, tafiya ta ƙarato, za su nufi gabashi da kudancin Afirka inda damina ke shirin sauka. Farar ma yanzu ta ƙosa ta yi fiffike. Masu kamunta da duku-duku suke fita, lokacin da sanyi ya daskarar da ita a jikin kara, shi ya sa soyayyiyar fara ke cika kasuwa a wannan tsakani. Wani gargaɗi gare ku, iyayenmu mata masu saye: ku tambayi inda aka kamo, farar gonar da aka yi wa feshi guba ce.

In kana da abin hawa, je tabkin Gidimuni ko na Lasuri. Ban da kirinjijiya da balbela da muka saba da su, za ka ga baƙin agwagi da ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu suna caccakar laka. Daga Turai suke, sun ƙetaro Sahara. Zauna nesa, rana a bayanka, kada ka yi motsi da yawa. A ƙananan tafkunan da suka fara janyewa kuwa, kwaɗin da suka hana mu barci a Agusta sun yi tsit, sun fara nutsewa cikin ƙasa.

Ciyawa ba ta da wuyar karatu. Ƙarangiya ta fara kama wando, tafasa ta zubar da ganye ta bar ƙwanso, gamba ta fid da kai. Yanki gamba don zana tun tana da sauran ɗanye, in ta bushe ƙayau karyewa take wajen saƙa. Ganyen kuka, wanda mutanen Mirriya suka fi kowa sanin darajarsa, a ɗebe shi kafin ya yi rawaya, a shanya a inuwa don ya riƙe korensa. Kada a yi wa itacen ƙwal, kada a datse manyan rassa. Magarya da aduwa a ba su lokaci, ba su nuna ba tukuna.

Kububuwa tana son ƙarƙashin dami da tarin harawa, kuma launinta ya saje da ƙasa. Kafin ka sa hannu, juya damin da sanda. In ka ji wani sauti shuu-shuu daga ƙasa, jikinta take gogawa, ja da baya. In ƙaddara ta faɗa wa wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe da abin hannu, a hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa likita nan take ko da ya ce ba ya jin komai, don dafinta jini yake hanawa daskarewa, kuma sau da yawa sai daga baya yake nuna kansa. Ka riƙe lokacin da saran ya faru, ma'aikatan lafiya za su tambaya.