Kurakuran da Sababbin Masu Amfani da Audacity Suka Ƙi Dainawa

Da wuya mako ya wuce wani bai turo mini fayil ba yana cewa, "Yaya, don Allah duba mini wannan, ban san abin da ya same shi ba." Wani karatun malaminsu ya ɗauka, wani littafi yake karantawa don ya ɗora a YouTube, wata kuma tallar kayanta take haɗawa. Kusan dukkansu da Audacity, manhajar ɗauka da tace sauti a kwamfuta, suke aiki, kuma sun yi zaɓi mai kyau: kyauta ce, tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma tun shekarar 2000 take hannun jama'a, bayan Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg sun fara gina ta a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka. Manhajar ba ta da laifi. Ramukan da ake faɗawa ne dai ba sa canzawa, ni kuma na gaji da maimaita magana ɗaya.

Zan fara da wanda har yau yake ci mini rai. Danna Save Project ba ya ba ka sautin da za ka saurara a waya ko ka tura wa wani. Abin da yake adanawa aikin ne da ke kan teburi, wanda Audacity kaɗai ke iya buɗewa. Sautin da ake ji a ko'ina sai ka bi ta Export, ka fitar da shi a WAV (fayil ɗin sauti mai cikakken inganci) ko MP3.

Na koyi wannan da tsada. Akwai ƙanin kakana, tsohon marini, wanda na zauna da shi kwana biyu a zaure yana ba ni tarihin gidanmu: daga inda aka taso, wa ya haifi wa, yadda ake haɗa baba da toka a karofi. Kusan awa uku na ɗauka. A lokacin, kafin fitowar Audacity 3.0 a 2021, aiki yana rabuwa biyu ne: ƙaramin fayil mai ƙarewa da .aup, da folda mai ƙarewa da _data inda ainihin sautin yake a guntu-guntu. Ni ban sani ba. Da kwamfutar ta fara ba ni matsala na kwafe 'yan fayilolin .aup a filasha, na kai aka goge ta tas. Da na dawo na buɗe, ga sunan aiki, babu murya ko ta daƙiƙa ɗaya. Na ce zan koma in sake ɗauka, yau da gobe, har Allah ya yi masa rasuwa. Allah ya jiƙansa. Abin da ya faɗa a zauren nan babu mai sake faɗa mini shi.

Yanzu an haɗe komai cikin fayil ɗaya mai .aup3, amma kada wannan ya sa ka saki jiki. Ɗabi'ata tun daga ranar: ina tsayar da ɗauka, kafin in yanke ko tari ɗaya, sai in fitar da WAV in ajiye wuri biyu. Minti ɗaya na murya a layi guda, wato ba sitiriyo ba, bai wuce megabait 5 da 'yan kai ba, don haka kada ka kawo mini uzurin wuri. In za ka kwafi fayil ɗin aikin, rufe manhajar tukuna, kuma kada ka yi aiki kai tsaye a kan filasha.

Na biyu shi ne ƙure makirufo. Ban san wanda ya koya wa yaranmu cewa sai igiyar sautin ta cika allo daga sama har ƙasa sannan aiki ya yi kyau ba. Ma'aunin da ke sama yana ƙarewa a 0, kuma 0 ɗin nan rufin ɗaki ne. Duk sautin da ya zarce shi an fille masa kai, shi ne wannan tsagewar da kake ji kamar lasifikar da ta fashe. Malam yana karatu a hankali, sai ya zo wurin da ya ɗaga murya, nan take komai ya dagule. Sai ka zo kana tambayata wane maɓalli zai gyara. Babu wanda zai dawo maka da shi yadda yake! Rage ƙarar bayan an gama ba ya dawo da abin da aka fille, tsagewar ce kawai za ta yi ƙasa-ƙasa. Haba, minti ɗaya na gwaji ya gagare ka? Ka sa mai maganar ya faɗi jimla da mafi ƙarfin muryarsa, ka rage makirufo har ma'aunin ya riƙa yawo wajen -12, in ya yi tsalle kada ya haura -6. Sautin da ya yi ƙasa ana ɗaga shi daga baya cikin sauƙi. Ni har -15 nake sauka in mai wa'azi ne, domin na san halinsu in magana ta yi daɗi.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne ɗora wa Noise Reduction nauyin da ba nata ba. Mutum zai ɗauki murya fanka na juyawa, janaretan maƙwabta na ruri, yara na wasa a tsakar gida, yana cewa ai za a share. Wannan kayan aiki hayaniya mai ɗorewa iri ɗaya yake ragewa, kamar shuuu ɗin makirufo. Kukan akuya ko hon ɗin babur ba ya cikin aikinsa. Kuma sai ka fara zaɓar wurin da babu magana, ka danna Get Noise Profile don ya san abin da zai cire, sannan ka zaɓi sautin gaba ɗaya ka koma ka aiwatar. Shi ya sa nake barin daƙiƙa goma na shiru a farkon kowace ɗauka. Ba na wuce 12 a ma'aunin ragewar na Noise Reduction. In ka matsa da yawa, murya za ta koma kamar ta mai magana a cikin randa. Gara ɗan shuuu da wannan. Maganin gaskiya dai kashe fanka ne, ka jure zufar minti ashirin, ka zaɓi ɗaki mai katifa da labule da darduma maimakon falo mai tayil da ke amsa kuwwa. Ni bayan sallar asuba nake ɗauka, kafin gari ya tashi.

Sauran ƙanana ne. In kana jin ƙugi a ƙarƙashin murya, zare cajar laftof ka ɗauka da batir, musamman in a janareta kake. Duba sunan makirufon da manhajar ta zaɓa, don da yawa sun sayi mai kyau amma na jikin kwamfuta ne ke ɗauka. Bar tazarar taƙi ɗaya tsakanin bakinka da makirufo, ka ɗan karkatar da shi gefe, kada "p" da "f" su riƙa bugunsa. Murya ɗaya layi ɗaya ya ishe ta, ba sai sitiriyo ba. Nisanta wayar salularka da wayar makirufo. Kada ka tace MP3 ka sake fitar da shi a MP3, kowane zagaye yana rage masa inganci. Koma kan WAV ɗinka. Ka saurari aikin da abin kunne, sannan ka sake ji a lasifikar ƙaramar waya, don a nan yawancin mutane za su ji shi.

Sai batun saukewa. Audacity ba ta da sigar waya, duk abin da ka gani a Play Store da sunanta ba ita ba ce. A audacityteam.org ake sauke ta, kuma ba a biyan ko sisi.