Yadda Ake Ciyar da Karya Mai Ciki da Mai Shayarwa

Karya tana ɗaukar ciki na kimanin kwana 63, wato mako tara. Rubuta ranar da aka yi mata barbara, domin duk lissafin abincinta daga ranar zai fara.

Mako biyar na farko: kada ka ƙara komai

A nan ne masu karnuka da yawa suke ɓata lamarin, don tausayi. 'Ya'yan da ke cikin ba su fara girma sosai ba tukuna, saboda haka ƙarin abinci kitse kawai zai zama, kuma karya mai ƙiba tana shan wuya wajen naƙuda. Ci gaba da ba ta abin da ta saba. Shafa haƙarƙarinta: ya kamata hannunka ya ji ƙasusuwan, amma kada su fito fili. Wajen mako na uku ko na huɗu wasu sukan rage ci ko su yi amai kaɗan. Idan abin ya wuce kwana biyu, a nemi likitan dabbobi.

Daga mako na shida zuwa haihuwa

Yanzu ne 'ya'yan ke saurin girma. Riƙa ƙara kashi 10 cikin 100 kowane mako. Karyar da ke cin giram 400 a rana, ba ta 440 a mako na shida, 480 a na bakwai, har ta kai 550 zuwa 600 dab da haihuwa. Raba shi sau uku ko huɗu, domin mahaifa ta matse tumbi, ba za ta iya cinye da yawa lokaci guda ba.

Idan abincin kanti kake saye, koma wanda aka yi wa 'yan kwikwiyo, ka riƙa gauraya shi da tsohon na tsawon mako guda don gudun zawo. Idan kuwa na gida ne, ragowar tuwo da ƙanzo da dusa ba za su riƙe mai ciki ba, ko da karyar farauta ce mai juriya. Kusan rabin kwanon ya zama dafaffen nama, ko kifin da aka cire wa ƙaya, ko dafaffen ƙwai. Sauran shinkafa ko tuwo, da ɗan mai, da dafaffiyar kabewa ko karas. Hanta kaɗan ta isa.

Kada ka sayo ƙwayoyin kalsiyam, wato sinadarin da ke gina ƙashi, ka riƙa ɗura mata da kanka. Idan ya yi yawa lokacin ciki, jikinta yakan daina ɗebo shi daga ƙashi, sai buƙatar nono ta taso bayan haihuwa jikin ya kasa ɗebo shi da wuri. Abincin kanti na 'yan kwikwiyo yana da daidai gwargwado. Na gida kuwa, nama da hatsi ba su da kalsiyam isasshe, don haka likita ne zai auna mata abin da za a cike. Shi ne kuma zai zaɓi maganin tsutsar ciki da bai cutar da juna biyu.

Albasa, tafarnuwa, inabi, cakulan da goro guba ne ga kare. Miyar gida ma ta shiga ciki, tunda da wuya ta rasa albasa. Dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji.

Bayan haihuwa

Kwana ɗaya kafin naƙuda takan ƙi abinci, kada a tilasta mata. Da ta gama haihuwa, ajiye ruwa da abinci mai laushi kusa da makwancinta, domin ba za ta so barin 'ya'yan ba.

Shayarwa ta fi ciki cin jiki nesa ba kusa ba. A mako na uku da na huɗu tana buƙatar ninki biyu zuwa uku na abincinta na da, ya danganta da yawan 'ya'yan. Mai 'ya'ya shida ko fiye, a ba ta duk lokacin da ta nema. Ruwa kada ya yanke, musamman da bazara, don da zarar ya gaza nono zai ja baya. Madarar shanu ba ta ƙara nono, sau da yawa ma zawo take kawowa.

Idan ka ga tana haki, ta kasa zama wuri ɗaya, ƙafafu sun sandare ko jiki na karkarwa, kalsiyam ne ya faɗi a jininta. Janye 'ya'yan daga nono, ka garzaya da ita asibitin dabbobi nan take, domin tana iya mutuwa cikin 'yan sa'o'i.

Daga mako na uku zuwa na huɗu a fara ba 'yan kwikwiyon abinci jiƙaƙƙe kamar kunu. Gwargwadon yadda suke ci, a riƙa rage na uwar, har ta koma ma'auninta na da idan an yaye su a mako na shida zuwa na takwas.