Digiri na Biyu: Inda Ɗalibanmu na Kebbi da Zamfara Suka Fi Yin Tuntuɓe

Da yawa daga cikin waɗanda suka fara digiri na biyu suka watsar, ba ƙwaƙwalwa ce ta gaza musu ba. Darussan aji sukan ƙare cikin zango biyu, kuma ba su cika kayar da mai himma ba. Abin da ke kayar da mutane shi ne takardu, da kuɗin da ba a lissafa ba, da kundin bincike da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Mafi yawan wannan kuwa ana iya shawo kansa tun ba a sayi fom ba.

Shi kansa fom ɗin, wasu saye suke yi don sun ji abokai sun saya, ba su karanta sanarwar ba. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ta Gusau a 2013 aka kafa su, ta jihar Kebbi da ke Aliero kuma a 2006, saboda haka kada ka ɗauka kowane sashe yana ba da mastas, wato digiri na biyu. Duba jerin kwasa-kwasan wannan shekarar. In babu naka, sai ka waiwayi Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ko Ahmadu Bello ta Zariya, ko Bayero ta Kano. A ƙa'idar yawancinsu, mastas yana buƙatar aƙalla digiri mai daraja ta biyu. Mai daraja ta uku, da mai HND daga kwalejin kimiyya da fasaha irin ta Waziri Umaru ko ta Ƙaura Namoda, galibi sai ya fara yin babbar difloma, wato PGD. Za kuma a tono sakamakonka na sakandare, a nemi kiredit biyar, a nemi takardar gama bautar ƙasa ko ta yafewa. Wanda ya sayi fom bai cika waɗannan ba ya yi sadaka da kuɗinsa, don ba a mayarwa.

Akwai kuma bambancin da ba a cika yi wa mutane bayani ba. Mastas irin na MBA (harkar kasuwanci) ko MPA (gudanar da mulki) na ƙwarewar aiki ne, ya dace da ma'aikaci mai neman ƙarin girma. Amma in burinka koyarwa a jami'a ko digirin digirgir, nemi mastas na bincike, MSc ko MA, ka kuma riƙe makinka, domin jami'o'i da dama ba sa ɗaukar mai ƙasa da 3.5 cikin 5 zuwa mataki na gaba.

Je ka shagon intanet lokacin da ake rububin cike fom ka tsaya ka yi kallo. Mutum zai miƙa wa yaron shago ambulan ɗin takardunsa, ya ce, "Cike mini, zan je in dawo." Yaro ya zo wurin imel, ba ya da na mai fom, sai ya sa nasa. Wurin lambar waya ma haka. Bayan wata uku jami'a ta aiko da kiran tantancewa, saƙo ya faɗa akwatin yaron shago, mai fom yana gida yana cewa ba a ɗauke shi ba don ba shi da kowa a sama. Zauna kusa da mai cikewa, ka karanta kowane layi kafin a tura. Imel ya zama naka, lambar sirri ta zama a hannunka, ka adana rasiɗin Remita, hanyar da ake biyan kuɗin ta intanet, da lambar biyan da ke kansa, wato RRR. Duk wanda ya ce ka tura kuɗi asusunsa zai samo maka gurbi, ɗan damfara ne.

Sunaye ma suna ba mu wahala fiye da mutanen wasu sassa. Takardar sakandare ta ce Mohammed, digiri ya ce Muhammad, katin NIN ya ƙara sunan gari, Jega ko Bunguɗu, wanda babu shi a sauran. Ranar haihuwa kuma kowace takarda da tata. A daidaita wannan tun da wuri, da rantsuwar kotu da sanarwa a jarida in ta kama, ba sai ranar tantancewa ba ana tsaye a layi.

Takardar makin digiri na farko, wadda tsohuwar jami'arka za ta aika wa sabuwa, ita ce ta fi kowace jinkiri. Kada ka jira sai sunanka ya fito. Ranar da ka sayi fom, ranar za ka nema, sannan ka riƙa bibiya har ka tabbatar ta shiga fayil ɗinka a makarantar karatun gaba da digiri. Biya daban, isa daban. Masu ba da shaida a kanka kuwa, malamin da ya koyar da kai ya san aikinka ya fi babban mutumin da bai taɓa ganin rubutunka ba. Ka kuma gaya masa kafin ka sa sunansa.

Ma'aikacin gwamnati da ya tafi karatu ba tare da rubutacciyar amincewa ba, yana wasa da albashinsa, kuma yana iya dawowa da shaidar a ƙi lissafa masa ita. Cewar shugabanka "je ka, ba komai" ba takarda ba ce. Gobe ana iya canza shi.

Batun kuɗi, mutane kuɗin rajistar shekarar farko kawai suke lissafawa. Ina kuɗin mota daga Gusau zuwa Zariya ta Tsafe da Funtua, ko daga Birnin Kebbi zuwa Sakkwato, duk mako? Ina masauki, tunda hanyoyin nan ba na dare ba ne yanzu? Ina buga kundi sau da yawa, da kayan gwaji ga 'yan kimiyya? Kowace shekara da ka ƙara kuma sai ka sake rajista. A sa yajin aiki a lissafi: na ASUU a 2022 daga Fabrairu ya kai Oktoba. Tallafi akwai, amma kowanne da mutanensa. Na TETFund, asusun gwamnatin tarayya na tallafa wa manyan makarantu, na malaman manyan makarantun gwamnati ne, ta hannun makarantarsu ake nema. PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur, ya fi karkata ga fannonin da suka shafi man fetur da makamashi. Chevening na Birtaniya mastas ne na shekara ɗaya, yana kuma neman ƙwarewar aiki ta shekara biyu. Babu ɗaya daga cikinsu da ake sayen gurbinsa a hannun dillali. Matar aure kuma, a yi magana a gida a gama tun farko: wa zai riƙe yara ranakun lacca, a ina za ta kwana in dare ya yi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa, wato kundi. Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne zaɓen batu mai faɗi don ya yi daɗin ji. Ɗalibi zai zo da "Matsalar tsaro da noma a Arewa maso Yamma". Jihohi bakwai ke nan. Da wane kuɗi, cikin wata nawa, kuma wa zai shiga ƙauyukan da mazaunansu ma sun gudu ya raba takardun tambayoyi? Wanda ya taƙaita a kan yadda manoman shinkafa na fadamar Argungu ke samun taki, ko halin karatun yaran da aka raba da gidajensu a cikin garin Gusau, zai gama ya bar na farko yana gyaran babi na ɗaya. Kafin ka ƙulla batu, tambayi kanka ko za ka iya isa wurin da bayanan suke, ka dawo lafiya, da kuɗin aljihunka. In amsar a'a ce, sauya tun ba a amince da shi a sashe ba, domin sauyawa daga baya komawa farko ne.

Sai zama da malami mai duba aiki. Wasu kunya ce ke cutarsu: an yi musu jan biro a babi, sai su ɓace wata shida, su dawo suna "Malam, a yi haƙuri, hidimomi ne suka yi yawa." Malam yana da ɗalibai da yawa, ya manta ma abin da ka rubuta. Wasu kuma kiran waya ne ba dare ba rana. Tun zaman farko ka tambaya cikin ladabi, "Malam, wace rana ta fi dacewa in riƙa kawo aiki, kuma a takarda ko ta imel?" Duk gyaran da ya yi, yi shi, ka dawo da tsohon kwafin tare da sabon don ya ga ka bi. Inda ba ka yarda da gyaran ba, kawo hujja daga abin da ka karanta, ba ka yi shiru ka bar wurin yadda yake ba. In abu ya cije har watanni aiki na kwance, akwai jami'in da ke kula da ɗaliban gaba da digiri a sashe, akwai shugaban sashe. Ta nan ake bi, ba ta Facebook ba.

Ni dai ban ga wautar da ta kai biyan wani ya rubuta maka kundi ba. Jami'o'i da dama suna sa aiki a manhajar Turnitin don gano kwafe, kuma ko ka tsallake na'ura, ba za ka tsallake ranar kare kundi ba. Mai jarrabawa na waje zai buɗe shafi ya ce, "Me ya sa ka zaɓi wannan hanyar tantance bayanai?" Wanda bai yi aikin da hannunsa ba, a nan zufa ke karyo masa. Duk littafi ko maƙalar da ka ɗauko magana a ciki, rubuta sunan mai ita da shekara da shafi nan take, don neman su daga baya azaba ce. Kundin kuma kada ya zauna a kwamfuta ɗaya ko filashi ɗaya, tura wa kanka ta imel duk lokacin da ka ƙara wani abu.

Kare kundi ma ba shi ne gamawa ba, ko da an yi hotuna an ci shinkafa. Za a ba ka gyare-gyare da wa'adi. Sai ka yi su, an sa hannu, ka ɗaure kwafin ƙarshe ka miƙa, ka biya duk bashin rajista, sannan sakamakonka zai je gaban majalisar jami'a ta amince. Ranar wannan amincewar ce ake lissafawa a matsayin ranar da ka kammala.