Yadda ake yanke wa kunkuru farce

Masu kiwon kunkuru a tsakar gida nan Damagaram sun yi ta tambayata yadda za su rage masa farce idan ya yi tsawo har ya fara lanƙwashewa. Ga matakan.

1. A yi aikin da safe, kafin rana ta yi zafi.

2. A tanadi abin yanke farce mai kaifi, da magagari, da ɗan garin masara.

3. A wanke ƙafafun da ruwa don farcen ya fito sosai.

4. Wani ya riƙe shi a ƙasa, cikinsa na kallon ƙasa. Kada a kifar da shi ta baya, numfashi na yi masa wuya.

5. A kama ƙafa ɗaya a hankali. Idan ya janye, a bar shi ya sake miƙowa. Jan ƙarfi na iya ji masa ciwo.

6. A yanke bakin farcen kawai, kaɗan-kaɗan.
Hattara, nan ake yawan kuskure: akwai jijiya mai jini a cikin farcen, kuma a baƙin farce ba a ganinta. Gara a rage kaɗan yau, a ƙara bayan mako biyu. Farcen baya na mace kuwa da shi take haƙa ramin ƙwai, ni ban cika taɓa shi ba.

7. In jini ya fito, a danna garin masara a wurin. In bai tsaya ba, sai likitan dabbobi.

8. A goge bakin farcen da magagari.

9. A ba shi ruwa, don tsoro kan sa shi fitsari.

10. A wanke hannu da sabulu.

11. Daga yau a riƙa zuba masa abinci kan faffaɗan dutse, farcen zai riƙa cinyewa da kansa.