Yadda za ka tono kiɗan jaz mai kashe jiki na zamanin suwin, wanda ba waƙa a ciki

Matsalar ita ce zamanin suwin, wato wajajen 1935 zuwa 1945 a Amurka, da kiɗan rawa aka san shi. Kana rubuta sunan zamanin a YouTube ko Spotify za su antayo maka na cashewa, ƙahonni na ta ihu, alhali kai wanda za ka saka da daddare jikinka ya yi sanyi kake nema. To ka daina nema da yanayi, wai mai ban tausayi ko na kaɗaici, yawanci shekarun bayan zamanin za su kai ka. Sunan makaɗi da shekara, su ne aikin.

Fara da taken ƙungiyoyin. Kowace babbar ƙungiya tana da kiɗan da take buɗe shirinta na rediyo ko ta rufe da shi, kuma abin mamaki wasunsu duhu ne zalla. Na Artie Shaw shi ne "Nightmare", nemi ɗaukar 1938, ƙahonni na maimaita abu ɗaya a ƙasa a hankali kilarinet ɗinsa (abin busa ne mai kama da sarewa) na kuka a sama, wallahi ba za ka ce don 'yan rawa aka kafa ƙungiyar ba. Benny Goodman da "Goodbye" yake sallama, Gordon Jenkins ya rubuta, 1935. Akwai kuma "Snowfall" na Claude Thornhill, 1941, shi sanyi ne ba ɗaci.

Amma ni dai a ganina ma'adanar tana gidan Duke Ellington. A 1935 mahaifiyarsa ta rasu, sai ya yi "Reminiscing in Tempo", kusan minti 13, a lokacin da fuska ɗaya ta faifan garmaho minti uku da 'yan kai take ɗauka, dole aka raba shi fuska huɗu, don haka in ka ga kashi na ɗaya kawai ka nemo sauran ukun, kar ka tsaya rabin hanya. Sai "Chelsea Bridge" na Billy Strayhorn, mai tsara wa Ellington kiɗa, 1941, inda Ben Webster ya busa sakisafon kamar mai yi maka raɗa a kunne. Ga dabarar da mutane da yawa ba su sani ba: yaran Ellington suna ɗaukar faifai da ƙananan ƙungiyoyi da sunan kansu, Johnny Hodges, Barney Bigard, Cootie Williams, Rex Stewart, sau da yawa shi ogan na zaune kan fiyano amma ba sunansa ne babba a faifan ba. Rubuta sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ka fara da "Passion Flower" na Hodges, shi ma 1941.

Maganar gujewa waƙa kuma sai ka yi hattara, don a lokacin mawaƙi ba da farko yake shigowa ba, sai an yi minti guda ana busa ka saki jiki kawai ka ji murya. "I Can't Get Started" na Bunny Berigan, 1937, haka yake. Masu ɗora tsofaffin fayafayai sukan sa hoton tambarin faifan, duba ƙarƙashin sunan kiɗan, in ka ga "vocal refrain" ko "vocal chorus" to da waƙa. In ba hoto ka ja zuwa tsakiya ka saurara kafin ka ajiye.

Duba tsawo ma. Waɗannan mutanen sun yi ta sake ɗaukar kiɗa ɗaya har tsufansu, in ka ga minti bakwai da sauti tas-tas to galibi wadda aka sake ɗauka daga baya ce. Ta asali wajen minti uku ce, da ɗan shuuu na faifai, kuma ni na fi son wadda ba a goge shuuu ɗin da yawa ba, don in aka matsa gogewa har numfashin mai busa ake kwashewa.

Za ka ga giɓi daga Agustan 1942 zuwa 1944, ƙungiyar ƙwadagon makaɗa ce ta hana ɗaukar faifan kasuwa, a nan sai ka nemi V-Disc, fayafayan da aka yi wa sojoji, ko shirin rediyo da aka naɗa. Kuma ka leƙa Faransa, makaɗin jita Django Reinhardt ya ɗauki "Nuages" a Paris a 1940 Jamusawa na riƙe da birnin, da kilarinet a madadin gogen abokin kiɗansa Stéphane Grappelli wanda yaƙi ya ritsa da shi a Landan. Ya sake ɗaukarsa sau da dama, ta 1940 za ka fara nema.