Yadda Ake Karanta Labaran Gwagwarmayar Mata a Adabin Indiya

Wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya yakan ɗauki littafin marubuciyar Indiya yana jiran jaruma ta miƙe ta yi dogon jawabi a gaban surukai, alhali a ƙagaggun labaransu da yawa turjiyar mace tana faruwa ne a madafa ko a ƙuryar ɗaki.

Abu na farko shi ne a gano zamanin labarin da dokar da ke aiki a lokacin. An haramta ƙona matar da mijinta ya mutu tare da gawarsa a 1829, an halatta wa irin wannan matar sake aure a 1856, an hana dukiyar da iyayen amarya ke biyan dangin ango a 1961, sannan sai a 2005 'ya mace ta mabiya Hindu ta samu haƙƙi daidai da na ɗa namiji a dukiyar gado ta zuri'a. Kada a ɗauki waccan dukiya da iyayen amarya ke biya a matsayin sadaki, domin ta fi kama da nauyin gara da kayan ɗaki, sai dai can dangin ango kan yanka abin da suke so, kuma haramcin bai kashe al'adar ba.

Daga nan a tambayi wace mace ce ake magana a kanta, domin a nan ne masu karatu suka fi yin tuntuɓe. Damuwar matar attajiri da kulle ya isa daban take da ta 'yar Dalit, wadda tsarin fifikon zuri'a ya ajiye a ƙasan kowa. Rokeya Sakhawat Hossain ta rubuta Sultana's Dream a 1905, inda ta juya lamarin, maza suka shiga kulle mata suka riƙe mulki. Mahasweta Devi kuwa, a labarinta Draupadi na 1978, ta kawo wata 'yar ƙabilar Santal da jami'an tsaro suka yi wa fyaɗe, ta ƙi suturta jikinta ta tunkari shugabansu a haka har tsoro ya kama shi. A ganina, wanda ya karanta na farko kaɗai bai ga rabin hoton ba.

A kuma bi sawun kuɗi da makullai: wa ke riƙe da gwalagwalan amarya, sunan wa ke kan takardar gona? Sau da yawa uwar miji ce ke zartar da hukuncin da maza suka shimfiɗa, ita ma bayan ta sha nata a ƙuruciya.

Kada a tsaya ga abin da aka rubuta da Turanci tun asali. Mai neman mafari zai iya soma da Heart Lamp na Banu Mushtaq, gajerun labaran matan Musulmi na jihar Karnataka da aka fassara daga harshen Kannada, wanda ya ci kyautar Booker ta ƙasa da ƙasa a 2025. Batun kishiya, saki da haihuwar 'ya'ya mata zalla da ke ciki ba zai buƙaci dogon bayani ga mai karatu Bahaushe ba.