Yadda ake gano matsalar saba da ta ƙi tashi bayan mizajur

Abu na farko dai, dan Allah kar ka yi fomatin. Yawancin yaranmu a nan Damagaram da sun ga saba, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutocin biro hidima, ta ƙi tashi bayan mizajur, wato sabunta manhajojinta, sai su ɗauko kile USB su share komai, alhali bayanan biro suna nan lafiya lau a kan dis, ƙaramin abu ne ya tokare hanya.

Ka je gaban na'urar da kanka, ka jona allo da kibod. In kuma Dell ce ko HP, ka shiga ta iDRAC ko iLO, wato hanyar ganin allonta daga nesa. Sau da yawa ma sabar ta tashi, sunan katin rezo ne ya canza daga eth0 ya koma wani abu kamar enp3s0, kai kana can Zango kana ta gwada shiga daga nesa da SSH kana cewa ta mutu. Ka buga ip a ka gani.

In da gaske ba ta tashi ba, ka lura da inda ta tsaya, nan ne aikin yake. Ka ɗauki hoton allon da wayarka kafin ka taɓa komai, don rubutun nan gudu yake yi.

Idan baƙin allo ne da grub rescue, GRUB ne, wato manhajar da ke tayar da Linux, ya ɓata hanya, Linux bai ma fara ba. Hakan ya taɓa faruwa ga manya, a Yulin 2020 gyaran da aka fitar saboda raunin BootHole ya hana sabobin Red Hat da CentOS da dama tashi. Maganin grub rescue in sabar Ubuntu ce ko Debian, ka tayar da na'urar da kile mai Ubuntu ko Debian, ka ɗora dis ɗin a /mnt, ka haɗa /dev da /proc da /sys da mount --bind, ka shiga da chroot, sannan grub-install da update-grub. In UEFI ce, wato tsarin tayar da na'ura da ya maye gurbin BIOS, kar ka manta da ɗora /boot/efi, in ba haka ba wahalar banza ka yi.

Idan kuwa GRUB ya wuce sai kanel, wato zuciyar Linux, ya yi fanik ya tsaya cik, ka sake kunnawa ka riƙe Shift, ko ka danna Esc in UEFI ce, ka shiga Advanced options ka zaɓi tsohon kanel. Wannan ita ce dabarar da na fi so wallahi, don cikin minti kaɗan ma'aikata sun koma aiki kai kuma ka yi bincikenka a natse. In ta tashi da tsohon, ka buga df -h /boot. Ɗan wurin nan ƙarami ne, tsofaffin kanel su cika shi maƙil, mizajur ya zo rubuta sabon initramfs, fayil ɗin da kanel ke buƙata wajen tashi, bai samu wuri ba, shi ne za ka ga Unable to mount root fs. Ka share tsofaffin da apt autoremove sannan update-initramfs -u -k all, a Rocky ko Red Hat kuma dracut ne mai aikin.

Sai kuma tamu ta gida, ɗaukewar wuta. A watan Afrilu da Mayu zafi ya haura digiri 40, batirin ondilar, mai riƙe na'ura in wuta ta ɗauke, ya riga ya gaji, wuta ta tafi mizajur na tsakiya, rabi sabo rabi tsoho kamar ginin da ruwa ya tarar ba a yi rufi ba. Nan dpkg --configure -a da apt -f install su ne za su ƙarasa abin da aka bari, amma ka fara duba dis ɗin da fsck tun ba a ɗora shi ba.

In ta kai ka emergency mode, kusan kullum /etc/fstab ne, fayil ɗin da ke lissafa dis ɗin da za a ɗora wajen tashi. Ka buga blkid ka gwada UUID ɗin, wato lambar shaidar dis, da na cikin fayil, harafi bayan harafi, kar ka ce ai kama suke. Dis na waje da wani ya cire ma yana jawo haka, ka sa masa nofail a layinsa. journalctl -xb zai nuna maka abin da ya faɗi, ka nemi jan layi na farko ba na ƙarshe ba, sauran duk biyo shi suka yi. In ba ka ganin rubutu kwata-kwata, ka danna e a GRUB ka goge quiet splash sai Ctrl+X.

Masu Windows Server ku ma ba ku tsira ba, a Janairun 2022 mizajur ya sa sabobin da ke riƙe da domen suna ta mutuwa suna tashi. Ku shiga WinRE, wato wurin gyara na Windows, ku cire mizajur na ƙarshe, ko ku buga dism /image:C:\ /cleanup-image /revertpendingactions, amma ku duba harafin dis tukuna don a can ciki C tana iya komawa D.

Bayan ta tashi kar ka yi saurin share tsohon kanel da ya cece ka, ka bar shi har sai sabon ya tashi sau biyu ko uku a gaban idonka.